Miji Ba Ragon Layya Ba Ne

Zuwa ga autata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya, ke da maigidanki. Ya gajiyar ɗaure kaya? Allah ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi masa zuwa Lakwaja ya zama alheri gare ku, ya tsare muku hanya, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki.

Na san za ki ce mene ne kuma na takarda, alhali tsakanin gidanki da nawa ko adaidaita ba sai an hau ba. To, ke kika jawo. In na buɗe baki sai ki ce, "Kai Umma, kin cika fassara," idonki na kan waya, bakinki na dariya. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, na san yaron da yake saurare, na san wanda ya ara mini kunne kawai. Takarda dai ba a katse ta. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake.

Jiya da na zo taya ki haɗa kaya na ga abin da na gani. Na ga robar man shanu wadda sai an sa hannu biyu ake ɗaga ta, na ga katan na madarar gwangwani, na ga sukari kamar za ku buɗe shago. Sai Goggonku Hansai, yayar Baffanku, wadda bakinta bai taɓa sanin hutu ba, ta leƙa tsakar gida ta ga mijinki yana ɗaure katifa, ta ce, "Wai ke Rabi, an doshi shekara da aure, yaron nan har yanzu kamar karan dawa? Ko ba kya ba shi abinci ne?" Ke kuma kika tafa hannu kika ce, "Ki bar ni da shi, Goggo. Kafin mu zo Babbar Sallah sai kin kasa gane shi."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Kin ga na miƙe na ce zan je in duba Baffanku, kika ce fushi na yi. Fushin na yi kuwa, kuma har yanzu ban huce ba. Da ke nake fushi, da Goggonku nake fushi, amma wadda ta fi ba ni haushi ita ce ni, domin wannan magana ta Goggo ba sabuwa ba ce. Ni aka fara yi wa ita, da wannan bakin, tun ba a haifi ko Yayanku ba.

Ba ki san Baffanku na da ba. Lokacin da aka kai ni gidansu a wajen Taura, dogo ne siriri, in ya tsaya a gefen garke da sandarsa sai ka rasa wa ya fi wani kauri. Yana aikin malanta a lokacin, amma ƙafarsa ta makiyayi ce. Ya taka zuwa makaranta, ya taka ya dawo, da yamma ya bi shanun mahaifinsa mashaya. Kansa kuwa, Auta, ban taɓa ganin irinsa ba. Ya san kowace saniya da sunanta, da na uwarta, da na kakarta, da garken da aka samo asalinta. In an yi gardama a kan iyakar gona ko burtali, shi ake kira, don ba ya mance abin da aka faɗa a gabansa.

Ina amarya Goggo Hansai ta dube shi ta dube ni a gaban mata, ta ce, "Ko dai hannun amaryar nan ba shi da albarka? Ba kya ba shi abinci ne?" Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ɗaura ɗamara. Na ce sai na nuna wa dangin nan ni 'yar gidan girki ce. Kin san yadda ake turka ragon layya: a ɗaure shi a turke, a hana shi yawo, a yi ta tura masa dusa da harawa har wuyansa ya naɗe. Wallahi haka na yi wa ubanku, kuma da sunan ƙauna na yi. Tuwo sai na kwarara masa man shanu har ya yi iyo. Fura sai na zuba sukarin da cokali zai tsaya. In ya ce, "Na ƙoshi," sai in ɓata rai in ce, "Girkin nawa ne bai yi ba?" Shi kuma mutum ne mai kunya, ba ya son ya ga na ɓata rai, sai ya ja kwanon ya ƙarasa.

To, ki ji ni da kyau. In mijinki ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. Ki ɗauke kwano ki ce alhamdulillahi. Cikinsa ba allon sanarwa ba ne da dangi za su riƙa karanta iya girkinki a kai. Masu cewa bai yi ƙiba ba, ranar da zai kwanta babu ko ɗayansu da za ta kwana a asibiti da ke. Za su zo da lemo da ayaba, su ce sannu, su tafi.

Da aka ba mu jiha aka dawo da shi Dutse, ya samu kujera a sakatariya, sai na ƙara wata wautar a kan ta farko. Mutumin nan yana son tafiya a ƙasa kamar yadda kike son wayarki. Ko da ya sayi mota, yakan ajiye ta ya taka zuwa ofis, ranar Asabar ya hau duwatsun bayan gari ya dawo yana gumi yana murna. Ni ce na hana. Na ce, "Haba Malam, kana mataimakin darakta kana yawo a ƙasa kamar mai tallan goro? Me mutane za su ce? Za a ce motar ta lalace ba ka da halin gyarawa." Na yi ta mita har ya gaji ya bari. Daga nan masallacin unguwa ma, wanda ake jin kiran sallarsa kamar a tsakar gidanmu, sai da ya kai a mota yake zuwa Juma'a. Daga gado sai mota, daga mota sai kujera, daga kujera sai tabarmar cin abinci.

Teɓa kuwa ta fito. Wuya ya cika, babbar riga ta zauna daram. In mun je Taura sai mata su riƙa cewa, "Kai, Alhaji ya murje! Lallai Dutse ta karɓe shi. Hajiya, kin iya kiwo." Kin ji kalmar, kiwo. Ni kuma don rashin wayo sai kaina ya yi girma, ina murmushi kamar an ba ni lambar yabo. Goggo Hansai da kanta ta dafa kafaɗata ta ce yanzu na cika mace.

Saboda haka in mijinki yana son taka ƙasa, ki bar shi ya taka, in da hali ki saka hijabinki ki bi shi. Na ji an ce ofishin da za shi akwai sanyi da kujera mai juyawa. Ki ji tsoron kujerar nan fiye da yadda kike tsoron bakin Goggo.

Kina firamare aka ce yana da hawan jini, ba a jima ba aka ƙara da ciwon suga. Likita ya zaunar da mu, ya ce a rage maiƙo, a rage zaƙi, a rage tumbin nan, a koma tafiya. Muna fitowa, tun kafin mu kai mota, na ce, "Likitan nan shi ya auro ka? Shi da ko gemu bai gama fito masa ba zai koya mini ciyar da miji?" Na yi masa miyar ganye babu mai na 'yan kwanaki, na ga ya ɗan faɗa, na tuna za mu je biki Taura, sai na koma gidan jiya. Har ce masa nake, "Ɗan wannan ba zai yi komai ba, ai kana shan magani." Na mai da ƙwayar magani kamar sabulu, a ci abin da aka ga dama a wanke da ita.

Kada ki yi gardama da likita a kan abin da ba ki sani ba don kawai kin fi shi iya miya. In ya faɗi abin da bai kwanta miki ba, ki tambaye shi dalili, ki sake tambaya, ki je wurin wani likitan in kina so. Amma kada ki fito ki yi tsaki a bakin mota irin na uwarki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan ya ajiye aiki ya fara mantuwa. Da farko makulli ne da hula, na ce kowa ma yana yi. Sai ya riƙa tambayar abu ɗaya sau uku kafin a sauke tukunya. Sai ran nan ya fita sayen goro a bakin titi, wani mai adaidaita ya dawo mini da shi daga hanyar jami'a, ya ce ya gan shi a tsaye yana waige-waige, ya ce masa gida yake nema. Mutumin da yake ratsa daji da shanu ba ya ɓata, shi ne ya ɓata a Dutse, garin da aka yi titunansa a gabansa. Me na yi? Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na rufe. Na ce kewar ofis ce. Na ce ko wani ne ya yi masa sammu saboda filin nan na gado. Na karɓo rubutu, na yi hayaƙi, na yi sadaka, duk ban kai shi asibiti ba, don kada a ce Alhaji ya fara gigin tsufa tun shekarunsa ba su kai ba. Sai da Yayanku ya zo hutu ya gani da idonsa, ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba tun da na haife shi, sannan muka tafi Kano.

Likitar da ta gan shi mace ce, ba ta fi sa'ar Yayanku ba. Ta yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton kansa, aka ɗebi jini. Sannan ta tambaye ni tun yaushe yake da wannan tumbi. Na ce tun yana ɗan arba'in, har da ɗan alfaharina. Ta ce, "Mama, kin san kitsen ciki ba ajiya ba ne kawai?" Na ce to mene ne in ba ajiya ba? Ni a sanina kitse kamar mai ne a tulu, yana zaune shiru sai ranar da aka buƙace shi.

Ta ce a'a, kitse yana magana. Yana fitar da wasu sinadarai cikin jini, su ne 'yan aikensa zuwa sauran jiki har da ƙwaƙwalwa. Wani yakan je ya ce mata an ƙoshi, a daina ci. Wani yana taimakon jiki wajen sarrafa suga. In kitsen ya yi daidai, saƙon yana tafiya daidai. In ya yi yawa, musamman na ciki, sai lissafin ya rikice: wani ɗan aiken ya yi ta zuwa har ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, wani mai amfani ya ragu, wasu kuma su riƙa hura wani ɓoyayyen kumburi a jiki shekara da shekaru. Ga suga da hawan jini suna cin ƙananan jijiyoyin da suke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Ta ce masu bincike suna ganin alaƙa tsakanin tumbin tsakiyar rayuwa da mantuwar tsufa, kuma har yanzu suna kan bin diddigin yadda abin yake.

Na ce mata, "Likita, ki gaya mini gaskiya, ni na jawo masa?" Ta ce, "Mama, ba zan iya rantsuwa a kan haka ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai siraran mutane da suke kamuwa, akwai masu ƙiba da suke tsufa da hankalinsu garau. Abin da zan ce kawai, da an rage tun da wuri, da an rufe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin." Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali, amma ni ƙofar nan kawai na ji. Ni na buɗe ta, na kuma sa dutse na tokare.

Na gaya miki wannan ne yadda ta faɗa, ban ƙara gishiri ba, don kada gobe ki ce Umma ta ce duk mai ƙiba zai haukace. Ban ce ba. Ni kaina da nake wannan surutu kin san sai na dafa bango nake tashi daga tabarma, kuma ni ma an sa ni tafiyar safe, ina yi ina ƙunƙuni. Ban kuma ce ki bar ɗan mutane da yunwa ba. Ki yi masa tuwo, ki yi masa dambu, ki yi masa kwaɗon zogale da wake da kifi, tunda can bakin kogi za ku. Ki sa mai kamar mai hankali. Abin da na hana shi ne turka. Sannan wannan ƙwayar da ƙawarki take talla a waya, wadda suke kira sha ka fashe, in na ji labarin ta shiga gidanki, ko don ke ko don shi, wallahi mota zan hau in zo Lakwaja da kaina. Abin da sunansa ma ya gaya miki ƙarshensa, me kike nema a ciki?

Kin san Baffanku yana mantuwa, kowa ya sani yanzu. Abin da ba ki sani ba shi ne inda ta kai, kuma ni na hana ki sani. Na roƙi Yayanku kada ya gaya miki, na ce ke amarya ce, a bar ki ki ji daɗin aurenki. Auta, duk ranar da kika yi sallama a ƙofar gidan nan, kafin ki cire takalmi na riga na sunkuya a kunnensa na ce, "Rabi ce, autarka." Shi ya sa kike shigowa ki ji ya ce, "A'a, Rabi, autata!" ki tafi kina cewa ai Baffa da sauƙi. Tun kafin bikinki nake wannan raɗa. Ranar ɗaurin aurenki da aka ce ƙafa ce ta hana shi fita, ƙaninsa ya karɓi waliccin, ba ƙafa ba ce. Da safen ya tambaye ni taron mene ne ake yi a ƙofar gida. Na gaya masa, ya yi murna, ya sa albarka, kafin a kawo goro ya sake tambaya.

Wannan ma kuskurena ne, kuma shi ne na baya-bayan nan. Na cuce ki watannin da za ki zauna kusa da shi kina sane. Kada ki rufe ciwo don kunyar mutane. Ranar da kika ga wani abu ya canza a jikin mijinki, ko a naki, ko a kan wani naku, asibiti za ki fara zuwa, addu'a kuma a haɗa da ita a hanya.

Ya rame yanzu, kin gani. Likitar ta ce shi ma wannan ciwon yakan zo da haka, jiki ya riƙa zubewa ko ana ci. Rigunan da na yi ta sa tela ya buɗa, yanzu na kai an rage su. Ya koma kamar yadda na same shi a Taura, sai dai wancan ya san sunan kakar kowace saniya.

Jiya da na baro gidanki Goggo Hansai ta biyo ni, wai za ta gaida ƙaninta kafin ta koma. Na tarar ya tashi daga barci, na zuba masa tuwon dawa miyar kuka, na zauna a gabansa har ya cinye, na wanke masa hannu, na kai kwanon madafa. Ina dawowa na ji Goggo tana cewa, "Kai, ɗan'uwana, ka lalace haka? Ba a ba ka abinci ne?" Sai ya dube ta, ya nuna ni da hannu, cikin ladabi kamar mai kai ƙara wurin babba, ya ce, "Baiwar Allahn nan tana da kirki, amma yau ba ta ba ni komai ba."

Hannunsa bai ma bushe ba, Auta. Na tsaya da tsumma a hannu. Maganar da na ƙare rayuwata ina dafa tukunya don kada wani ya faɗa, ita ce ta fito daga bakinsa, a gaban wadda ta fara faɗa mini ita. Goggo ta buɗe baki, na ce, "Yaya, don girman Allah ki yi shiru." Karo na farko ke nan da na taɓa gaya mata haka, kuma ta yi shirun. Na koma madafa na ɗebo masa ɗan kaɗan, don ba a gardama da shi, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Na ɗauke kwanon. Abin da ya kamata in koya ina amarya, sai yanzu na iya.

To, ga abin da nake so. Robar man shanun nan ki raba ta, ki ɗauki kaɗan, sauran ki ba maƙwabta. Sannan ranar Juma'a kafin ku kama hanya, ki zo ke da mijinki tun da hantsi, lokacin ya fi zama cikin hayyacinsa. Ba zan yi masa raɗa ba. Ki durƙusa a gabansa ki faɗi sunanki da bakinki, in ya tambaya ki sake faɗa, kada ki yi kuka a gabansa don yana tsorata. Ki tambaye shi labarin shanun mahaifinsa, wannan har yanzu yana nan, zai ba ki har ki gaji. In kuka sauka lafiya ki riƙa kira ana sa masa muryarki, ko ya gane ko bai gane ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma ke ba daga nesa kika gani ba, a gidanku kika gani.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa na ce jikinsa ya yi daidai, kada ya bari kowa ya gaya masa wani abu. Allah ya yi muku albarka, ya kiyaye ku a hanya da masauki, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya ba Baffanku sauƙi, ya yafe mini abin da na yi da hannuna ina zaton alheri ne. Allah ya dawo mana da ku lafiya da Babbar Sallah, ya sa Goggonku ta gane mijinki tun daga bakin ƙofa, ya sa ke kuma ubanki ya gane ki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma